Minti Huɗun Rékia a Talabijin

Da hantsi aka yi kiran, ranar wata Talata cikin watan Fabrairun 1986. Rékia ba ta da tarho a ɗakinta, don haka shagon Alhaji Abdourahamane aka kira, can ƙasan layinsu a unguwar Goutte d'Or da ke Paris, inda yake sayar da atamfa da shadda da turare. Shi da kansa ya hawo bene hawa huɗu yana haki, ya buga mata ƙofa.

"Rékia, sauko maza. Wata ce daga Lyon, ta ce zancen Nouhou ne."

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, da silifa ta sauka cikin sanyin nan.

Nouhou yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara barin Damagaram, ya sami aiki a wata masana'antar fenti a bayan garin Lyon. Ita ta biyo baya da shekara biyar, tana aikin kula da tsofaffi a wani gidan jinya a Paris. Kwana goma sha ɗaya ke nan da gobara ta tashi a tsohon benen hayar da yake zaune, a unguwar Guillotière. Mutum uku suka rasu. Shi aka fito da shi da rai, amma hannayensa biyu sun ƙone, hayaƙi kuma ya taɓa masa huhu. Ta je ta yi kwana uku a kansa, aiki ya dawo da ita.

Mai kiran Leïla ce, lauyar ƙungiyar masu haya, 'yar Aljeriya da aka haifa a Lyon. Ta fara da cewa Nouhou yana nan da rai, ta kwantar da hankalinta. Daga nan ta faɗi abin da ya sa ta kira. Zaɓen 'yan majalisa saura wata guda, wani ɗan takara mai suna Tessier ya hau rediyo ya ce wutar daga ɗaki na goma sha huɗu ta tashi, inda wani baƙar fata yake girki da risho a ƙasa.

"Ɗaki na sha huɗu na Yaya Nouhou ne," in ji Rékia.

"Na sani. 'Yan sanda ma sun ji, jiya sun je asibiti da tambayoyinsu. Gidan talabijin na nan yankin zai yi muhawara ranar Juma'a da yamma, Tessier zai zo. Sun ba mu kujera ɗaya. Shugabanmu ya ce shi ba zai iya ba, yana da iyali. Ke ce kika rubuta wasiƙun nan, ko ba haka ba?"

Haka ne. Sau huɗu Nouhou yana aiko mata da ƙorafinsa kan wayoyin lantarkin gidan, ita ta gyara Faransancin ta buga a keken rubutu na wurin aikinsu, aka aika wa mai gidan. Kwafin kowace wasiƙa da rasiɗin gidan waya suna cikin akwatinta.

Da ta ajiye kan tarhon, Alhaji Abdourahamane ya daɗe yana ninke wani yadi da ba ya buƙatar ninki.

"'Yata, shekarata ashirin da biyu a ƙasar nan," ya ce. "Ban taɓa yarda an ɗauki hotona a jarida ba. Ki aika musu da takardun, su lauyoyi su karanta. In kika fito a talabijin, ba ki san wanda yake kallonki ba, shi kuwa ya san ki."

"Alhaji, in na yi shiru, shi za su ɗora wa mutum ukun nan."

"Na sani." Ya sauke ajiyar zuciya. "Allah ya tsare. Kar ki kwana a otel, ki kwana gidan matar nan."

Ranar Alhamis ta hau jirgin ƙasa mai saurin nan, awa biyu sai ga ta a Lyon. Asibiti ta fara wucewa. Nouhou yana kwance, hannayensa naɗe da bandeji kamar an ɗora masa duma biyu a kan ƙirji. Da ta gaya masa abin da ya kawo ta, sai idonsa ya firfito. Ta kara kunnenta kusa da bakinsa.

"Ni ko risho ban taɓa saya ba," ya ce da wata shaƙaƙƙiyar murya. "A wurin aiki nake ci. Rékia, mutumin nan ya iya baki. Na sha ganinsa a talabijin. Kar ki bari ya sa ki kuka a gaban mutane."

"Ba zan yi ba, Yaya."

A gidan Leïla aka yi wunin Juma'a ana gwaji. Leïla ta zauna a kujera ta zama Tessier, tana jefo mata magana. Duk lokacin da Rékia ta sunkuya kan takardunta, sai Leïla ta buga tebur.

"Ɗago kanki! Wanda ya kalli takarda a talabijin, mutane sai su ce ƙarya yake haɗawa. Shirin minti ashirin da biyar ne, in kin yi sa'a ki samu huɗu. Kar ki yi doguwar magana. Kar ki ɗaga murya, za su ce kin fusata. Kar ki yi ƙasa da ita, za su ce ba ki da tabbas."

"To ya zan yi? Ai gaskiyar tana cikin takardun."

"Mutanen da za su kalle ki suna cin abincin yamma ne, Rékia. Da cokali a hannu za su yanke miki hukunci. Gobe in ka tambaye su me aka ce, ba su riƙe ba. Sai dai su ce wane ya burge su, wance ta rikice."

Leïla ta fito da wata kwat mai ruwan toka ta ba ta, ta kuma kalli ɗankwalin da ke kanta ta yi jim. Rékia ta gane so take ta cire shi. Ta saka kwat ɗin, ɗankwalin kuwa ta ƙara ɗaure shi.

Ƙarfe shida suka isa gidan talabijin. Aka zaunar da Rékia gaban madubi, mai kwalliyar ta buɗe akwatinta ta yi ta dube-dube, ba hodar da ta dace da fatarta. Ta goge mata goshi da auduga kawai ta ce ta tashi. A kujerar gefe kuwa an fi minti ashirin ana aiki a kan wani dogon mutum mai furfura a gefen kai. Da aka gama, ya miƙe ya nufo ta da fara'a, ya miƙo hannu.

"Madam Rékia. Ni ne Tessier. Ya jikin ɗan'uwanki? Na yi baƙin ciki ƙwarai." Muryarsa mai laushi, kamar ta likitan da ya san aikinsa. "Daga Paris kika zo, ko? Goutte d'Or. Na san layin naku, akwai mai sayar da yadi a ƙasa. Kuma kina aiki da tsofaffi, abin yabo ne. Takardunki na izinin zama a ƙasar nan dai lafiya lau suke, ina fata?"

Bai saki hannunta ba sai da ya gama. Ya yi murmushi ya wuce. Rékia ba ta gaya wa kowa a gidan talabijin inda take zaune ba. Ta waiga neman Leïla, an riga an kai ta cikin 'yan kallo.

Ɗakin shirin ya fi yadda take zato ƙanƙanta, fitilun kuwa zafi kamar bakin murhu. 'Yan kallo wajen arba'in suna zaune a cikin duhu, ba ta ganin fuskokinsu, sai tari da motsin kujeru. Kyamara uku, kowace da jar fitila a ka. An ce mata ta kalli wadda ta kunnu, amma kafin ta gano ta, sai ta mutu wata ta kama.

Mai gabatarwa ya fara ba Tessier dama. Ko takarda ɗaya babu a gabansa. Ya haɗa yatsunsa, ya kalli kyamara kamar yana kallon ƙanwarsa, ya ba da labarin tsohuwar da ta rasu a hawa na biyu, Bafaranshiya mai shekara saba'in da takwas, wadda ta yi aikin saƙa a garin nan tun tana yarinya. Ya faɗi sunan kyanwarta. Ya yi shiru daidai inda ya kamata. Daga nan ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko wani ƙaramin risho mai shuɗiyar tukunyar gas, sabo fil, ya dire shi a gabansa.

"Wannan," ya ce. "Irin wannan ake kunnawa a kan daɓen katako, a ɗakin da aka yi don mutum ɗaya, mutum biyar na kwana. Ni ban tsani kowa ba. Tambaya kawai nake yi: har yaushe?"

Aka tafa. Mai gabatarwa ya juyo wajenta. "Madam?"

Duk abin da Leïla ta koya mata ya gudu. Zufa ta tsattsafo mata a goshi, tana jin ta tana gangarowa. Ta buɗe baki, sai ta ji muryarta siririya kamar ba tata ba.

"Yayana ba shi da risho. Shi kaɗai yake kwana a ɗakin. Ya rubuta wa mai gida ranar uku ga Oktoba cewa mita da ke ƙarƙashin matakala tana tartsatsi. Ya sake rubutawa ranar sha takwas ga Nuwamba..."

Ta sunkuya don ta tabbatar da ranar. Takardun suka zame suka watse a ƙasa. Ta duƙa tana tsincewa, kyamara na kanta. Tessier ya tashi cikin natsuwa, ya zagayo, ya tsinci guda ya miƙa mata da ɗan rusunawa. Wasu suka yi dariya, wasu suka tafa masa.

Ta ci gaba. Cikin sauri ta yi tuntuɓen harshe, ta mayar da wata kalmar Faransanci ta mace ta zama ta namiji. Tessier ya gyara mata a hankali, yana murmushi, kamar malamin da ke tausayin ɗaliba. Dariyar wannan karon ta fi ta farko.

"Madam ta zo mana da takardu," ya ce wa kyamara. "Ina girmama ta, ƙanwa ce mai kare yayanta, kowa zai yi haka. Amma takarda ba ta dawo da wanda ya mutu."

"Wa ya ga rishon?" Rékia ta tambaya. "Wa ya gan shi a ɗakin?"

"Kin ga, Madam, ni ban katse ki ba."

"Amma wa ya gan shi?"

"Bincike zai nuna." Ya juya ya shiga zancen tsaro a unguwanni, da 'yan fansho, da makarantu. Ya yi minti shida ba wanda ya tsayar da shi. Rékia na zaune, rishon nan yana tsakaninsu a kan tebur, duk kyamarar da ta ɗauko ta sai ta haɗa da shi.

Da mai gabatarwa ya ce saura rabin minti, kalma ta ƙarshe tata ce, ba ta kalli kyamara ba, ba ta kalli kowa ba. Ta karanta kawai, da sauri, kanta a ƙasa.

"Tara ga Disamba, wasiƙa ta uku. Ashirin ga Janairu, ta huɗu. Mai gida ya turo mai gyaran lantarki sau ɗaya, ranar ashirin da biyar ga Oktoba. Ya duba ya tafi, bai dawo ba. A tambaye shi abin da ya gani."

Kiɗan rufe shiri ya hau kan maganarta tun ba ta kai ƙarshe ba.

A mota Leïla ta ce, "Kin yi ƙoƙari," ba ta ƙara ba. Rékia ta gaya mata abin da Tessier ya faɗa a ɗakin kwalliya. Leïla ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta duba madubin baya, ta sake dubawa.

Washegari jaridar garin ta fito da hotonta a duƙe tana tsintar takardu, Tessier a tsaye a kanta yana miƙo mata ɗaya. Aka rubuta cewa ɗan takarar ya nuna dattako da ƙwarewa. Ba a ambaci ranakun wasiƙun ba. A gidan burodin da ke ƙasan gidan Leïla, matar da ke sayarwa ta kalle ta, ta kalli jaridar da ke kan kanta, hirar da ake yi ta ɗauke ɗif har Rékia ta fita.

Ta je asibiti yi wa Nouhou sallama. Masu jinya sun kunna masa shirin, ya gani. Bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba. Ya ce, "Ba ki yi kuka ba." Ta gyara masa matashi ta fito.

A bakin ƙofar asibitin ta fara lura da mutumin. Bature ne ƙaƙƙarfa, mai jan wuya, da hular ulu da jaket ɗin fata, hannunsa na dama a cikin aljihu. Yana jingine da bango, da ta wuce sai ya taso. Ta ce wa kanta hanya ce ta haɗa su. Ta tsaya a tashar bas, ya tsaya can gefe. Bas ta zo ta shiga ta gaba, ya shiga ta baya. Duk sanda ta saci kallonsa, idonsa na kanta, sai ya kawar.

Ta tuna labarin da aka yi ta yi a Goutte d'Or shekarun baya, na wani Balarabe da aka jefo daga jirgin ƙasa yana gudu, fasinjoji na zaune ba wanda ya motsa. Ta kalli mutanen cikin bas ɗin. Wata na saƙa, wani na karanta jaridar nan mai hotonta. Ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, tana yi tana rikicewa tana komawa farko.

A tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu ta sauka ta kutsa cikin jama'a, jakarta a ƙirji. Ta bi ta bayan masu sayar da jaridu, ta hau matakala, ta sauko ta wata. Da ta waiga, ga hular ulun nan tana tahowa. Akwai 'yan sanda biyu a bakin ƙofa, amma ƙafarta ta ƙi zuwa wajensu, don ta san takardun zamanta za su fara tambaya. Ta hangi rumfar tarho ta faɗa ciki ta ja ƙofar gilashin. Kuɗin da ta ciro don kira suka zube a ƙasa. Lambar Leïla ma ta ɓace mata.

Ya zo ya tsaya a gaban gilashin. Ya ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya. Ta danne ƙofar da kafaɗarta. Hannunsa ya fara fitowa daga aljihu, ta runtse ido.

"Madam," ya ce ta cikin gilashin. "Ba ashirin da biyar ba ne. Ashirin da huɗu ne."

Ta buɗe ido. Wata takarda ce ruwan ɗorawa a hannunsa, an ninke ta huɗu, ya manna ta a jikin gilashin.

"Ni ne mai gyaran lantarkin da ya je gidan. Ranar Alhamis ce, ashirin da huɗu. Na rubuta wa mai gidan cewa wayoyin ƙarƙashin matakala sun narke, a kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin a gyara. Ya ce ba yanzu ba. Wannan kwafina ne, ga sa hannunsa a ƙasa."

Ta buɗe ƙofar kaɗan, iya yadda takarda za ta shiga. Ya turo ta.

"Tun daga asibiti nake son in yi miki magana, na kasa," ya ce, yana waige-waige. "Gidaje shida nake yi wa mutumin nan aiki. Jiya muna cin abinci muka kalle ki. Matata ta ce Tessier ya kayar da ke, ni ma na ce haka. Gaskiya ba ki iya ba, Madam. Amma da kika ce a tambayi mai gyaran lantarki, abincin ya ƙi wucewa." Ya goge bakinsa da bayan hannu. "Ni da Tessier ɗin zan zaɓa, kin gane? Har yanzu ban sani ba."

"Sunanka yana kan takardar," in ji Rékia.

"Na sani."

Ya juya ya shige cikin jama'a. Ita kuwa ta zauna a ƙasan rumfar tarhon, mutane na wucewa suna kallonta. Jirgin Paris ya tashi ba da ita ba. Sai da ta yi kusan rabin awa kafin ta iya tsince kuɗin ta tuno lambar Leïla.

Ranar Litinin Leïla ta kai takardar gaban alƙalin da ke binciken. Aka kira mai gyaran lantarkin, ya je, ya maimaita abin da ya rubuta. Tessier ya ci zaɓensa a watan Maris. A ƙarshen Afrilu aka wanke Nouhou, aka tuhumi mai gidan. Jaridar ta ba labarin layi biyar a shafi na sha ɗaya, gidan talabijin bai waiwayi zancen ba. Takardun zaman Rékia ba wanda ya taɓa su, amma ta yi watanni in ta ji takun mutum a matakalar benensu sai ta tsaya cak, ta kasa kunne har ya wuce. Sau biyu aka kira shagon Alhaji aka tambaye ta da suna, da ta zo ta ɗauka sai numfashi kawai take ji. Ba ta taɓa sanin ko waye ba.

A watan Yuni aka sallami Nouhou. Yatsunsa uku na dama sun manne, aikin masana'anta ya ƙare masa. Ta je ta ɗauko shi zuwa Paris. A cikin jirgi ya zauna ta wajen taga, ya yi ta kallon gonakin da ke wucewa, ga shanu farare a kwance cikin ciyawa. Can ya zaro lemo daga aljihun rigarsa, ya juya shi, ya gwada da babban yatsa, ya kasa. Ya miƙa mata ba tare da ya kalle ta ba. Ta ɓare, ta raba, tana ba shi ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji ya ce akwai kujera a shagonsa," ta ce. "Wai yana neman mai zama da masu sayayya in ya tafi masallaci."

Nouhou ya tauna a hankali. "Awon yadi fa? Da wane hannun?"

"Da na hagu. Za ka koya."

Ya ɗaga hannun hagun ya duba shi gaba da baya, ya ce ta ƙara masa lemon.